Wuyan Dontrell

A garin Bogan, can tsakiyar gonakin auduga na Misisipi, babu wanda bai san labarin gwiwar Lemuel Tubbs ba. Ko ba ka tambaya ba zai ba ka. Sai ya naɗe ƙafar wando a shagon askin Otha, ya nuna maka tabon da ya kwanta daga cinya zuwa ƙwauri kamar buhun da aka tsaga aka ɗinke, ya ce, "Ka ga wannan? Ita ce takardar shaidar da jami'a ta ba ni."

A zamaninsa Lemuel ɗan wasa ne na ji da gani, a ƙwallon nan namu na Amurka, na hular kwano da karo. Da ya yi shekara uku a jami'a manyan ƙungiyoyi suka fara zawarcinsa. Kocinsa ya dafa masa kafaɗa, ya ce ya ƙara shekara ɗaya, ya kammala karatu, darajarsa ta ƙaru. Ya ƙara. A wani wasa da aka riga aka cinye su, ana tsuga ruwa, wani ƙato ya faɗo masa a gwiwa ta gefe. Daga ranar ba a sake kiran sunansa a lasifika ba. Karatun ma bai ƙarasa ba. Ya dawo gida yana ɗingishi, ya kama tuƙin motar da ke kai abinci tafkunan kiwon tarwaɗa, kuma a kan kujerar motar nan ya yi furfura.

Sai Allah ya ba shi Dontrell, ɗan yayarsa Vernice. Uban yaron ya tafi Memphis neman aiki bai sake waiwayowa ba, don haka Lemuel ne ya fara ɗaura masa hular kwano, shi ya koya masa yadda ake sunkuyar da kafaɗa a shiga cikin mutum. Yaron ya girma ya zama dutse. Jami'ar jiha ta ɗauke shi, karatu da ci da kwana duk kyauta, aikinsa a fili ɗaya ne: ya tari mai gudu da ƙwallo ya maka shi da ƙasa. Ranar Asabar duk garin Bogan sai ya taru gaban talabijin ana jiran a ji ƙarar karon Dontrell.

A shekararsa ta uku, wata Lahadi cikin Oktoba, ya zo gida cin abincin bayan coci. Vernice ta soya kaza, ta yi burodin masara da ganye. Dontrell ya ɗauki kofin shayi mai ƙanƙara da hannun hagu, kofin ya zame ya tarwatse a ƙasa.

"Ƙaton banza," in ji Vernice tana dariya. "Kana kayar da maza, kofi ya gagare ka?"

"Santsi ne da shi, Mama."

Lemuel bai yi dariya ba. Ya ga yatsun. Ba zamewa kofin ya yi ba, yatsun ne ba su rufe ba. Da aka gama ya ce yaron ya zo bayan gida ya taya shi duba injin mota.

"Tun yaushe?" ya tambaya, ko murfin injin bai buɗe ba.

Dontrell ya sosa ƙeya. "Tun wasa na biyu. Idan na yi karo sai in ji kamar an zuba mini wuta daga wuya har yatsu. Da can kafin in miƙe ya wuce. Jiya har muka shiga ɗakin sauya kaya ban ji hannuna ba." Ya kalli ƙasa. "Gobe zan je wurin likitan makaranta, Kawu."

"Za ka je ina?"

"Wurin likita."

"Zo nan, ɗan nema." Lemuel ya kama shi da gaban riga ya jawo shi kusa. "Ka san me likitan makaranta yake yi? Rubutu. Kana magana yana rubutawa. Kuma abin da ya rubuta, manyan ƙungiyoyi sai sun karanta shi kafin su kalli fuskarka. Gwiwa za su iya yafe maka, kafaɗa za su iya yafe maka. Amma su ga kalmar wuya a jikin sunanka? Ka gama yawo. Wata uku ya rage ka fita daga makarantar nan ka shiga inda ake biyan mutum ladan jininsa. Wata uku!"

"To idan wani abu ne babba fa?"

"Kowa yana jin wutar nan. Ni na ji ta, wanda ya koya mini ya ji ta. Ba a faɗa. Ɗan ƙwallo ba ya faɗa. Idan ta zo, ka soke hannun a ƙugu kamar kana gyara wando, ka yi tafiyarka a miƙe. Ko uwarka kada ta ji."

Ya shiga rumfa ya ɗauko kwalbar man zafin da ake shafa wa dawaki, irin wanda tsofaffin 'yan wasa suka yarda da shi fiye da allura. Ya murza wa yaron a wuya da kafaɗa har idanunsu duka suka kawo ruwa don yaji. Dontrell ya koma makaranta yana warin barga, bai je wurin likita ba. Ya buga sauran wasannin duka. Lemuel yana gaban talabijin, duk lokacin da ya ga hannun hagu ya shige ƙugu sai ya gyaɗa kai, ya ce a ransa, yaro ya ji magana.

Doka ita ce, wanda ya yi shekara uku yana iya sa sunansa cikin zaɓen da manyan ƙungiyoyi suke yi a watan Afrilu, inda suke ɗaukar sababbin 'yan wasa zagaye-zagaye cikin kwana uku. Amma ƙofar ta fita ce kawai. Da ka sa suna, ka bar ƙungiyar makaranta ke nan, kuma karatun kyauta ya ƙare, ko an zaɓe ka ko ba a zaɓe ka ba.

Farkon Janairu Koci Prewitt ya tuƙo mota da kansa har Bogan. Dogon farar fata ne mai jan wuya, ya cire hula tun daga bakin ƙofa, ya ci kek ɗin dankalin Vernice har yanka biyu yana yabawa. Ya ce Dontrell ya ƙara shekara ɗaya. Ya ce saura kaɗan ya karɓi digiri.

"Abin da nake faɗa ke nan," in ji Vernice. Shekara ashirin tana juya tsofaffi a gado a gidan kula da gajiyayyu, ba ta da burin da ya wuce ta ga ɗanta cikin baƙar rigar kammala karatu. "Ƙwallo na 'yan shekaru ne. Takarda kuwa ba ta da gwiwar da za ta karye."

"Yaya, ki bar maganar gwiwa ga mai gwiwa," in ji Lemuel. Ya juya ga baƙon. "Koci, wannan waƙar na san ta. Har amshinta na iya. An rera mini ita kafin a haifi yaron nan. Ku cika filin wasa da mutane, kai ka sayi gida a bakin tafki, shi kuma ku ba shi abinci da littafi. Idan ya karye ku aiko da kati mai hoton fure."

Kocin bai yi musu ba. Sai da Lemuel ya rako shi bakin mota, su biyu kawai, ya tsaya yana juya hula a hannu.

"Mista Tubbs, na ga yana ɓoye hannu bayan karo. Na tambaye shi, ya ce sanyi ne. Likitanmu ya tambaye shi, ya ce lafiya lau. Idan akwai wani abu, ku bari a duba yanzu. Muddin yana ɗalibinmu, mu za mu biya aikin asibiti, kuma zai gama karatunsa ko da bai sake taka fili ba. Idan ya sa suna, hannuna ya fita."

Lemuel ya yi murmushi. Ya ce a ransa, lallashi bai ci ba, an koma tsoratarwa. "Hannunsa lafiya ƙalau, Koci. A gaida mutanen gida."

A wannan makon Dontrell ya sa suna. Wani dillalin 'yan wasa daga Atlanta, Mista Hargett, mai takalmi kamar madubi, ya karɓi ragamarsa, ya ce zagaye na uku ko na huɗu za a ɗauke shi, babu tantama.

Cikin Fabrairu aka tara duk masu neman shiga, aka auna su kamar shanu a kasuwa. Gudu, tsalle, ɗaga ƙarfe, sannan likitocin ƙungiyoyi su ja wannan gaɓa su murɗa waccan. Da Dontrell ya dawo Lemuel ya tare shi a tashar mota.

"Ka faɗa musu wani abu?"

"Ban faɗa ba."

"Yauwa."

"Amma sun sa ni cikin injin hoton nan mai kama da bututu. Sau biyu. Sauran sau ɗaya aka yi musu."

"Don sun ga kaya mai tsada ne. Wa zai ɓata hoto a kan tarkace?"

Daga nan yaron ya rage magana, amma kullum da sassafe yana fita gudu a gefen gonaki, Lemuel kuwa ya ɗauka natsuwar manya ce ta zo masa.

Al'adar garuruwanmu ce, idan ɗan gari yana cikin zaɓe, a yi masa zaman jira. Lemuel ya karɓi zauren coci tun watan Maris. Ya aro babban talabijin, ya sa aka buga riguna masu hoton Dontrell, ya sayo hulunan ƙungiyoyin duka a kwali, don duk wadda ta kira a ɗora masa tata a ka nan take. Aka ajiye wayar yaron a tsakiyar teburi a kan farin ƙyalle. Fasto ya yi sanarwa daga mumbari: daga Alhamis zuwa Asabar kada wanda ya kuskura ya kira lambar Dontrell, ko da gidansa ne ke cin wuta, don kada kiran ƙungiya ya tarar da layi a cike.

Alhamis ta wuce, ba wanda ya damu, wannan ranar 'yan gaban goshi ce. Juma'a ta wuce, aka ce gobe ne. Ranar Asabar tun hantsi zauren ya cika, ga tarwaɗa soyayye tire-tire, ga wake da shinkafa, yara suna guje-guje cikin riguna masu fuskar Dontrell.

"Ni dai ka ji ni da kyau," in ji Otha mai aski, bakinsa cike da kifi. "Idan ka yi kuɗi kada ka kai kan nan naka wurin wani a birni. Ni na san inda ramukansa suke."

Aka yi dariya. Dontrell ya ɗan yi murmushin yaƙe. Yana zaune cikin sabon kwat gaban wayar, hannun dama a kan teburi, na hagu a ƙarƙashi.

Sunaye suna ta wucewa a ƙasan talabijin. Aka ɗauki wani yaro da Dontrell ya taɓa kayarwa har hularsa ta cire. Aka ɗauki wani daga makarantar da ba wanda ya taɓa jin sunanta.

"Wannan kuma ɗan gidan uban wa ne?" in ji Otha. "Ko dai wayar ce ba caji? Vernice, duba mana."

"Rufe mana baki, Otha, ka ci kifinka."

Da aka shiga zagaye na shida masu yara suka fara sulalewa, kowa da uzurinsa. Man kifin ya daskare a tire. Lemuel ya ji rigarsa ta manne masa a baya. Ya ja ƙafa ya fita wurin ajiye motoci, cikin rana, ya kira Mista Hargett. Sai a kira na uku ya ɗauka.

"Me ke faruwa ne, mutumina? Ka ce zagaye na huɗu."

Dillalin ya ce, "Mista Tubbs, wai zaman jira kuke yi?"

"Garin nan kaf yana nan."

"Ya Ubangiji." Ya ja numfashi. "Ba wanda zai kira. Tun Fabrairu duk suka cire sunansa. Hoton ya nuna hanyar lakar wuyansa ta tsuke, kuma akwai tabo a jikin lakar kanta, na bugu a kan bugu. Likitoci sun ce da an tsayar da shi tun ciwon yana sabo an yi aiki, da wata magana ce. Yanzu karo ɗaya a karkace zai iya zaunar da shi a keken guragu. Ai na gaya wa yaron tun watan Maris. Bai faɗa muku ba?"

Lemuel bai san lokacin da ya kashe wayar ba. Ya jingina da wata mota, ƙarfen yana ƙona masa baya, bai matsa ba. Ta taga yana hango yaron zaune a miƙe gaban wayar da ya san ba za ta yi ƙara ba, uwarsa a gefe tana gyara masa wuyan kwat.

Aka kira suna na ƙarshe da la'asar. Fasto ya yi addu'a gajera. Mata suka juye sauran abinci a robobi ba mai kallon wani. Otha ya ɗauki kwalin huluna ya rasa inda zai kai, ya tura shi ƙarƙashin teburi da ƙafa.

Sai da zauren ya watse Lemuel ya samu yaron shi kaɗai yana naɗe kujeru da hannu ɗaya.

"Ka sani," in ji Lemuel.

"Na sani."

"Ka bar ni na tara gari? Ka bar uwarka ta sayi sabuwar hula? Me ya hana ka buɗe baki, don Allah?"

Dontrell ya jingine kujerar a bango. Ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi ci wa Lemuel rai ke nan. "Ɗan ƙwallo ba ya faɗa, Kawu. Ko uwata kada ta ji."

Bayan mako biyu kira ya zo, amma ba daga manya ba. Wata ƙaramar ƙungiya ce a Texas, irin masu wasa cikin rufaffen zaure a kan siminti da aka shimfiɗa wa kafet, inda katanga take a bakin fili, ana biyan mutum wasa-wasa. Likitansu awon jini kawai yake yi ya ce ka taɓa yatsun ƙafa. Dontrell ya ce zai je. Wai idan ya yi shekara guda lafiya, manya za su ga wuyan ba matsala ba ne.

Lemuel ya nemo lambar kocin wurin ya kira shi daga cikin motar abincin kifi. Bai taɓa kai ƙarar ɗan wasa ba a rayuwarsa. Ya faɗi komai, har tabon laka.

"Baba," in ji mutumin, ana jin yana tauna wani abu, "duk wanda ya zo wurina akwai abin da ya hana shi zuwa wani wuri. Babba ne, zai sa hannu cewa ya yarda. Yana iya karo ko ba ya iyawa?"

Lemuel ya kira ofishin Koci Prewitt. Kocin ya saurara har ƙarshe, ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, ya ce gurbin Dontrell an ba wani yaro tun Fabrairu, kuma doka ba ta bar masa hanya ba. Idan yaron yana son ya dawo karatu ƙofa a buɗe take, amma da kuɗinsa.

Saura mutum ɗaya. Ya samu Vernice a kicin ranar da yaron zai tafi, tana naɗe masa kaza a takarda.

"Yaya, ajiye wannan ki zauna."

Ya faɗa mata tun daga kofin shayi. Man dawaki, maganar koci a bakin mota, hoton bututu. Vernice ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi kamar yadda take duban tsohon da ya ɓata shimfiɗa da gangan.

"Ranar da kofin nan ya faɗi," ta ce, "dariya na yi masa."

Ta tashi ta tafi ɗakin ɗanta. Lemuel yana jin muryarta ta bango, tana roƙo, tana haɗa shi da Allah, tana cewa za ta ƙara aikin dare ta biya makarantar. Ya ji amsar yaron a hankali.

"Mama, aikinki na shekara ba zai biya zango ɗaya ba. Na je kamfanin yankan kifi, sun ba ni wuƙa a dama, kifi a hagu, kifin ya faɗi sau uku, suka ce za su neme ni. Abu ɗaya na iya. Shi kaɗai aka koya mini."

Lemuel ne ya kai shi tashar bas, don a gidan babu wani mai mota. A tasha zip ɗin jakar ya maƙale, Dontrell ya riƙe bakin jakar da hagu yana ja da dama, jakar tana zamewa. Lemuel ya durƙusa a kan gwiwarsa mai tabo ya rufe masa.

"Idan wutar ta zo," ya ce, bai ɗago ba, "ka faɗa. Ka kwanta a fili ka ɗaga hannu, kowa ya gani. Ka ji ni?"

"Na ji, Kawu."

Yadda ya faɗa, Lemuel ya san maganar Oktoba ce ta zauna, wannan ba ta samu wuri ba. Yaron ya saɓa jaka a kafaɗar dama, ya soke hannun hagu a ƙugu, ya hau bas a miƙe.

Ba a nuna wasannin ƙungiyar a talabijin. Ranar Asabar suke bugawa da yamma. Lemuel ya daina zuwa shagon Otha, ya daina naɗe ƙafar wando. Duk Asabar idan ya tashi aiki sai ya tafi gidan Vernice. Ba ta gaishe shi, ba ta zuba masa abinci, amma ba ta rufe ƙofa. Lambarta ce yaron ya bayar a kira idan wani abu ya faru. Takan ajiye wayar a tsakiyar teburin kicin, ta zauna a wannan gefe, shi a wancan, kuma duk Bogan an sani, ranar Asabar ba a kiran Vernice.